Kawu ne ko Baffa? Inda Fassarar Na'ura Take Tuntuɓe

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka cika wayoyinmu ake ta yayata cewa kwanan tafinta ya ƙare. Masu faɗin haka sun ɗauka fassara canjin kuɗi ce, ka miƙa kalmar Turanci a ba ka ta Hausa daidai wa daida. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma har yau matsalar fassara kalma da kalma tana nan inda take.

A shekarun 1970 Eleanor Rosch, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta nuna cewa ƙwaƙwalwa tana tara abubuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da cibiyarsa da gefensa. Ka ce wa yaro ya zana tsuntsu, kurciya zai zana. Jimina tana can gefe, kaza kuwa sai an yi gardama. To, kowane harshe da inda ya ja iyakar rukunansa.

Nan ne abin ya fi damuna, don masanan Hausa sun yi aikin, mun bar shi yana shan ƙura. A 2009 Malami Buba da Philip Jaggar sun bi diddigin "ci" da "sha", suka nuna cewa "ci" ya karkata ga rinjaye, "sha" kuma ga abin da ya auka wa mutum. Shi ya sa ake cin zaɓe, a ci kasuwa, a ci amana, amma a sha wahala, a sha kaye, a sha rana. Bahaushe yana shan mangwaro da rake da taba, duk rukuni ɗaya. Tun 1934 Bargery ya tara irin waɗannan a ƙamusunsa. Abubakar Imam ma, da ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, labaran Larabawa da na Turawa ya ɗauko, ya sake musu mazauni a fadar sarki da kasuwa, har mai karatu ya ji kamar a garinsu aka yi. Ɗalibin fassara nawa aka zaunar ya nazarci yadda ya yi hakan?

Na taɓa ganin takardar rabon gado da aka juyo daga Turanci, inda kalma guda take ɗauke da ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba. Manhajar wayar da aka yi fassarar da ita ta rubuta "kawu". Mutumin da ake nufi kuwa baffan mamacin ne, kuma a fiƙihun Malikiyya baffa yana cikin asaba, kawu ba ya ciki. Sai da wani dattijo ya tsayar da karatun ya ce, "Malam, wannan ai ƙanen mahaifinsa ne."

Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato su daina tsayawa kan jeren kalmomi, su koyar da wannan nazari tun ajin farko. Kotuna da asibitoci kuma su ɗauki tafinta ƙwararru, su biya su, kafin a sake karanta wa magada takardar da waya ta fassara.