Kifin da Ake Ci a Sabon Ibadan: Wa Ke Tsaron Ruwan da Ya Fito?

Unguwar Sabo da ke Ibadan ba ta bakin teku. Daga nan zuwa Legas kilomita ɗari da 'yan kai ne. Duk da haka, kifin da ke shiga tukwanen unguwar daga ruwa biyu yake zuwa: bandar tarwaɗa da ake lodowa daga Arewa, da kifin teku, na ƙanƙara da busasshe, da ke haurowa daga Kudu. Tsadar da ake kuka da ita a kasuwa tana da nasaba da abin da ke faruwa a waɗannan ruwaye, inda masunta ke cewa kamu yana raguwa, kifin kuma yana ƙanƙancewa.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Yawancin kifin koguna da damina yake zuba ƙwai, lokacin da ruwa ya malala cikin fadama, 'ya'yan su yi girma a ruwa marar zurfi. Na teku ma da yawansu a bakin gaɓa suke tasowa, cikin tafkunan ruwan gishiri da saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a laka, irin waɗanda suka cika yankin Neja Delta. Idan aka zuba taru mai ƙananan idanu a irin waɗannan wurare, an kwashe kifin bana da na baɗi gaba ɗaya. Haka kuma babbar uwar kifi ta fi ƙarama yawan ƙwai nesa ba kusa ba, don haka kashe ta tana ɗauke da ƙwai asara ce ninki biyu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kamun kifi a teku ta 1992 ta hana manyan jiragen da ke jan taru shiga mil biyar na farko daga gaɓa, domin wurin na masu kwale-kwale ne. Ta kuma haramta kamu da guba ko nakiya. Sai dai gaɓar Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, cike da ƙoramu da lunguna. Ma'aikaci nawa za a ɗauka su tsare ta dare da rana? Ko ma'aikatar harkokin teku da aka kafa a 2023 ba ta da idon da zai kai kowace mashaya.

A nan ne al'ada ke da abin faɗa, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun kafin zuwan Turawa, garuruwan bakin kogi suna da Sarkin Ruwa, wanda shi ke cewa yau a shiga, gobe a dakata. A Argungu ana killace gurbin Matan Fada a hana su a cikinsa har ranar biki, ranar kuma homa da gora kawai ake shiga da su. Bikin a sigarsa ta yanzu ya soma a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 2016. 'Yan kallo giwan ruwa suke gani a kan sikeli, amma hutun da aka ba ruwan ne ya raine ta.

Tafkin Kainji ya ba da darasi makamancin wannan. A shekarun 1990, wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya gano cewa tarun da ake kira dala yana hallaka 'ya'yan kifi masu ɗimbin yawa. Da aka tashi hana shi, sai da aka jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin, domin su suka san wa ke da dala, da inda yake ja da dare.

Mutanen bakin teku ma suna da nasu tsarin. A garuruwan masunta da yawa na Ghana, ba a fita teku ranar Talata, kuma shugaban masunta ne ke hukunta wanda ya karya. Da gwamnati ta so rufe teku na wata guda a 2018, masunta suka ƙi saboda ba a shawarce su da wuri ba, dole aka ɗage zuwa 2019. A tafkin Nokuwe na Jamhuriyar Benin, masunta na kafa rassan itace a ruwa, kifi ya taru ya ci ya hayayyafa, su kwasa bayan watanni. A Kayar ta ƙasar Senegal, masunta da kansu suka ƙayyade yawan akwatin kifin da kowane jirgi zai sauke a rana.

To ina ruwan mutumin Sabo da wannan? Tarihin unguwar ne amsa. Tun da aka kafa ta a 1916, ta yi suna wajen riƙe kasuwar goro da shanu ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba. Wani masani, Abner Cohen, wanda littafinsa kan unguwar ya fito a 1969, ya bayyana yadda maigida ke saukar da fatake, dillali ya haɗa ciniki, a ba mahauci saniya bashi. Wanda ya ci amana, kowa ya daina sayar masa har ya biya. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne ke riƙe dokar Sarkin Ruwa: kowa ya san kowa, kuma mai laifi ba shi da maɓoya.

Ba a ce al'ada ba ta da aibu ba. Inda sarautar ruwa ta koma karɓar haraji kawai, mai kuɗi kan sayi izinin ɓarna. Baƙin jiragen ruwa kuwa ba sa jin maganar wani hakimi, sai ta sojan ruwa. Saboda haka aikin na hannu biyu ne: hukuma ta tsare nesa, ta kuma amince wa al'umma a rubuce ta tsare kusa.

Kasuwa ma tana da nata rabo. Masunci ba zai zuba guba ba idan ya san babu mai saye. Shugabannin Hausawan Ibadan da ƙungiyoyin 'yan kifi za su iya yanke shawara su daina karɓar 'ya'yan kifi da duk wanda ake zargin da guba aka kama shi, su kuma aika wa abokan cinikinsu na Yawuri da Baga da Epe wannan saƙo. Unguwar da ta iya ladabtar da maci amanar saniya ba za ta kasa ladabtar da maɓarnacin ruwa ba.