Daga Nazare Zuwa Aji Shida: Me Yaro Yake Koya, Me Yake Haddacewa?

Idan iyaye suna son su gane ko makaranta tana aikinta, sukan kira yaro su ce ya biya abin da aka koya masa. Sai ɗan shekara uku ya miƙe ya rera baƙaƙen Turanci daga farko har ƙarshe, ya ƙirga ɗaya zuwa hamsin, a tafa masa, a ce kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. To amma a zuba masa dabino a faranti a ce, "Ɗauko mini biyar." Da yawa daga cikin masu wannan ƙirge za su damƙo abin da hannu ya kama su miƙo.

Wannan gwaji ba wasa ba ne. Wata mai binciken tunanin yara, Karen Wynn, ta yi amfani da irinsa a 1990, ta nuna cewa yaro kan iya jera sunayen lambobi tun kafin ya san abin da suke nufi. Da farko "ɗaya" kaɗai ya sani, bayan watanni ya gane "biyu", sannan "uku", kafin wata rana ya farga cewa lambar da ya faɗa a ƙarshen ƙirge ita ce adadin abin da ke gabansa. Wannan farga ita ce ginshiƙin lissafi, kuma ba ta zuwa ta hanyar rerawa. Tana zuwa ne idan yaro yana taɓa abu yana ƙirgawa, yana raba gyaɗa tsakanin ƙannensa, yana lura da wanda ya samu fiye. Yarinyar da ke carafke, tana kwasar tsakuwa ɗai-ɗai sannan bibbiyu sannan uku-uku, ta fi kusa da tarawa da ɗebewa fiye da wadda aka zaunar awa biyu tana maimaita abin da ke kan allo.

Shekarun nazare, wato daga uku zuwa biyar, aikinsu kenan: baki ya buɗe, kalmomi su yawaita, yatsu su saba da riƙe fensir, yaro ya koyi jiran layi da sauraron umarni da zama da waɗanda ba 'yan gidansu ba. Tatsuniya da kacici-kacici suna cikin darasin, ko da ba a rubuta su a jadawali ba. Wasu makarantun kuɗi da ke ɗora wa ɗan shekara huɗu jaka cike da littattafai da aikin gida, iyaye suke yi wa talla, ba yaron suke koyarwa ba.

Babban aikin yana farawa ne a aji ɗaya. Magana kan zo wa yaro da kanta muddin ana yi masa ita, amma karatu sai an koya. Rubutu bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai a duniya ba, don haka ba a haifi ƙwaƙwalwa da sashen karatu ba. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun nuna cewa koyon karatu yana horar da wani ɗan yanki na ɓangaren gani, a gefen hagu, ya koma gane haruffa yana haɗa su da sautin magana. Kafin hakan ta yiwu, dole yaro ya ji cewa kalma tana rarrabuwa, cewa "gida" ta ƙunshi "gi" da "da", kuma kowace gaɓa tana da baƙi da wasali. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin wannan tsari: babbaƙu tukuna, sai farfaru, sannan a shiga haɗawa.

A nan ne harshe yake shigowa, kuma a nan muke da wata dama da ba mu cika amfani da ita ba. A 2003 Philip Seymour da abokansa suka kwatanta yaran da ke koyon karatu da harsunan Turai goma sha uku. Inda rubutu ke bin furuci sau da ƙafa, kamar Italiya da Finland da Girka, yawancin yara na karanta kalmomi daidai kafin ƙarshen shekarar farko. Masu koyon karatu da Ingilishi, waɗanda harshen uwarsu ne ma, sai da suka ɗauki fiye da ninki biyu na lokacin. Rubutun Hausa na boko yana sahun masu sauƙin: abin da ka gani shi za ka furta, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a rubutawa. Yaron Gumel ko Funtuwa da aka fara masa da Turanci an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, rubutu mai wuya da harshen da bai ji. Zai iya furta jimla tsaf, a tambaye shi me ta ce ya yi zuru.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14 ke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, haka ma a lissafi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan tara cikin goma na 'yan shekara goma ba su kai wannan matsayi ba. Da yawansu kuwa kullum suna zuwa makaranta.

A kan takarda, tsarin yana nan daram. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta shekara tara na ilimi kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, hukumar NERDC kuma ita ke tsara manhaja: Turanci, lissafi, harshen Najeriya, kimiyya, addini, zamantakewa, motsa jiki. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen uwa ko na yankin. Tun kafin nan, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara komai da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a wasu darussan ma sun wuce su. Nijar ma ta buɗe makarantun gwaji da harsunan gida tun shekarun 1970, ciki har da Hausa a Damagaram. A 2022, zamanin ministan ilimi Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke manufar, yana cewa yankunan da suka rungume ta sun fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB.

Wannan hujja tana da rauni. Waɗanda suka rubuta jarrabawar sun bar firamare tun kafin 2022, kuma ko tsohuwar manufar ba a taɓa aiwatar da ita yadda ya kamata ba. Abin da ake yi a ajujuwa da yawa na Arewa shi ne littafi da Turanci, bayani da Hausa, jarrabawa da Turanci, yaro ya fita bai iya rubuta ko ɗaya ba. Damuwar iyaye game da Turanci gaskiya ce, domin da shi ake neman aiki da gurbin jami'a. Sai dai wanda ya iya karatu da harshen da yake ji, sau ɗaya yake koyon dabarar. Abin da ya rage masa a Turanci shi ne kalmomi da ƙa'idojinsa.

Aji huɗu ne ke tona asiri. Daga nan ba a ƙara koyar da haɗa baƙi, an ɗauka an iya, sai a shiga kimiyya da labarin ƙasa da lissafi mai bayani da ɓangarorin lamba. Wanda bai iya karatu ba sai ya koma bayan aji yana kwafar allo, ana ciyar da shi gaba kowace shekara har ya karɓi takardar aji shida.

Akwai hanyoyin da aka gwada. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun samar da littattafan Hausa masu bin sauti mataki-mataki ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ƙungiyar Pratham ta Indiya kuma ta fito da dabarar koyarwa daidai da matakin yaro, wadda aka gwada a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA a Wudil da Dawakin Tofa. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintuna: ya gane harafi, ko kalma, ko jimla, ko labari? Sai a ware lokaci kullum a rarraba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, ɗan aji shida ya zauna da ɗan aji huɗu in matakinsu ɗaya. Ba ta buƙatar sabon gini. Tana buƙatar malamin da shi kansa ya iya karanta Hausa da rubuta ta da ƙa'ida, abin da kwalejojin ilimi ba su cika koya wa wanda ba Hausa ya karanta ba.