Muhimmancin Maimaita Horon Kare Kai ga Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa da Bompai

Kamar yadda aka sani, da zarar an gama girbi an kai amfanin gona gida, matasa da magidanta daga Kura, Madobi, Dawakin Kudu, Gezawa da sauran ƙananan hukumomi sukan nufo unguwannin masana'antu na Kano domin cin rani. Wasu Bompai suke zuwa, wadda ita ce mafi daɗewa tun zamanin Turawa, wasu Sharaɗa, wasu kuwa Challawa ta hanyar Panshekara, inda kamfanonin jimar fata suke da yawa. Da yawansu ba baƙin aikin ba ne, sun yi shi bara, sun yi shi bara waccan. Saboda haka idan suka dawo, ba a cika tsayawa sake koya masu komai ba, sai a ce ai tsohon hannu ne. Wannan bayani zai nuna dalilin da ya sa tsohon hannun ma yake buƙatar a sake horar da shi, musamman mai hawa sama da mai shiga rami ko tanki.

Domin a fahimci batun, yana da kyau a duba wata sana'a wadda kuskure ɗaya a cikinta ya isa ya kashe mutum, wato dirowa daga jirgin sama da laima. A ƙasar nan an fi sanin ta da sojojin laima da ake horarwa a Jaji, amma a wasu ƙasashe farar hula ma suna yin ta a matsayin wasa. Ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta kasa lasisinta gida huɗu. Mai ƙaramin lasisi idan ya yi kwana 60 bai dira ba, ƙa'idarsu ta ce ya koma ƙarƙashin kulawar malami kafin ya ci gaba. Mai babban lasisi, wanda sai ya yi dira 500 ake ba shi, shi ma idan ya yi wata 6 bai dira ba sai ya yi bita. Har ila yau, dokar ƙasar ta wajabta a kwance laimar ko-ta-kwana, a duba ta, a sake naɗe ta duk bayan kwana 180, ko da ba a taɓa buɗe ta ba. Bugu da ƙari, a watan Maris na kowace shekara, lokacin da sanyi ya wuce za a koma fili, sukan ware yini guda na bitar matakan ceton kai. Hujjarsu ita ce, abin da jiki ya daɗe bai yi ba, ba zai tuna shi ba a cikin daƙiƙa biyu na firgici.

To, manomin da ya bar kamfani a watan Yuni ya koma a watan Nuwamba ya yi kusan wannan wata 6 ɗin rabonsa da aikin. Shi kuma ba shi da laima. Wanda ya suɓuce daga tsayin mita 10, wato kamar rufin babban sito, bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi zai isa ƙasa, da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Babu lokacin tunani a ciki. Abin da zai cece shi kawai shi ne abin da ya riga ya yi kafin ya taka tsani: ya ɗaura ɗamarar tsaro daidai, ya duba igiyarta ko ta fara tsinkewa, ya maƙala ƙugiyarta a ƙarfe mai ƙarfi da ke sama da shi, ba a bututun ruwa ba.

Sannan kuma wurin da ya bari ba shi zai tarar ba. Damina ta ci kwano, tsatsa ta cinye ƙusoshi, ƙila an canja inji ko an janyo sabuwar wayar lantarki ta gefen rufi. A rufin masana'antu da yawa akan saka fallen roba a tsakanin kwano domin haske ya shiga. Idan ƙurar hunturu ta lulluɓe rufin, ba a bambance robar da kwanon, alhali robar ba ta ɗaukar nauyin mutum. Sabon ma'aikaci tsoro yakan sa ya riƙa taka-tsantsan. Tsohon hannu shi ne mai tafiya a kan rufi kamar yana tsakar gidansa, da ma Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Akwai kuma abin da ba a cika koyarwa ba, wato yadda za a sauko da wanda ya faɗi igiya ta riƙe shi. Mutumin da yake reto a ɗamara, musamman idan ya suma, jini yakan taru a ƙafafunsa, kuma zai iya rasa ransa idan aka yi jinkiri. Ranar da abin ya faru ba ita ce ranar neman dogon tsani ba. Wajibi ne a ce an gwada ceton tun tuni, kowa ya san abin da zai ɗauko.

A kamfanonin jima haɗarin ya fi yawa a ƙasa. Sinadarin da ake cire gashin fata da shi, idan ruwansa ya haɗu da ruwa mai asid a kwata ko a rami, yakan fitar da wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Idan ta yi yawa kuma takan kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta tafi. Abin takaici, a irin wannan haɗari sau da yawa ba mutum ɗaya ake rasawa ba: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya yi kukan kura ya shiga ceto, shi ma ya faɗi. Hana mutum bin ɗan'uwansa cikin rami abu ne da ya saɓa wa ɗabi'armu, kuma faɗa sau ɗaya ba ya wadatarwa. Sai an yi ta maimaitawa, ana gwadawa a aikace, har ya zauna masa cewa ba a shiga sai an auna iskar, an ɗaura igiya, an kuma tsayar da mai tsaro a baki.

Ta fuskar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta hana a sa mutum aikin inji ko wani aiki mai haɗari sai an yi masa cikakken bayanin haɗarin, an kuma horar da shi ko an sa ƙwararre yana kula da shi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce take da jami'an duba masana'antu, kuma duk haɗarin da ya yi sanadin mutuwa, ko ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana 3, dole ne a kai masu rahotonsa. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yakan mayar wa kamfani har rabin kuɗin da ya zuba idan ya nuna shaidar horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida. Ke nan kukan tsada ba hujja ba ce mai ƙarfi. Mafi yawan bitar ma ba ta wuce minti 10 da safe, shugaban leburori ya tara mutanensa ya bi aikin ranar da su da Hausa, tunda allon gargaɗi da Turanci ba ya amfanar wanda bai iya karanta shi ba.

A nan ne hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi suke da rawar takawa, domin su ne suke ganin waɗannan matasa kafin su bar gida. Ya kamata a sanar da su cewa neman a sake nuna wa mutum aiki ba gazawa ba ce, kuma wanda aka canja wa sashe, daga ɗaukar kaya zuwa wankin tanki misali, sabo ne a wannan sashe ko shekara nawa ya yi a kamfanin. Haka kuma a sanar da su cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take aiwatarwa, ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa idan ya rasu, ana so su sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfanin ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya kafin shekara guda ta cika.