Saurayin da Aka Binne a Girku

 

Ranar 4 ga Disamba 1893, wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wata babbar coci da ta ɗauki nauyinsu, guzurinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Burinsu su kai Kiristanci ƙasar Hausa. Ku tuna fa, a lokacin Sarkin Musulmi Abdurrahman ne bisa gado a Sakkwato, Kano kuma ta afka cikin basasar Tukur da Yusufawa. Wani babban ɗan mishan a Legas ya faɗa musu gaskiya tsirararta, cewa ba za su ga ƙasar da suke nema ba. Suka yi kunnen ƙashi.

Zazzaɓin cizon sauro ya fara kwantar da Bingham, don haka aka bar shi a baya ya riƙa aika musu kaya. Sauran biyun suka nausa arewa. Kent ya juyo neman ƙarin guzuri, Gowans ya ci gaba shi kaɗai, jiki na ta lalacewa, har ajali ya cim masa a garin Girku na ƙasar Zazzau cikin Nuwamba 1894. Shekarunsa 26. Ba a yi wata guda ba, Kent ma ya rasu a Bida.

Duk wanda ya taɓa kai wa uwa jakar ɗanta da ya tafi ci-rani bai dawo ba, ya san nauyin abin da ya hau kan Bingham. Shi ya koma Kanada da ɗan abin da Gowans ya bari, ya miƙa wa mahaifiyarsa. Ita ce kuwa tun farko ta zaunar da shi a gidanta, ta shawo kansa ya bi ɗan nata. Bingham ya sake zuwa a 1900, ciwo ya kore shi. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta SIM ta samu gindin zama a Patigi.

To, mu nan Gobir me ya haɗa mu da wannan labari? Addini dai bai haɗa mu ba, domin abin da ya kawo su bai samu karɓuwa a nan ba, Gobirawa na nan kan Musuluncinsu. Amma ƙungiyar ta tsallaka Nijar a 1924, ta zauna har a Tsibiri, fadar Sarkin Gobir kusa da Maraɗi. Ita ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kan hanyar Konni zuwa Madawa, da kuma asibitin kutare na Danja. Har gobe, idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan ji dattijo ya ce a gwada Galmi, kuma ba a tambayar majinyaci alƙiblarsa kafin a duba shi.

Sunan Kent na kan wata makaranta a Miyango ta Jihar Filato. Na Bingham na kan jami'a a Karu, da asibitin Jan Kwano na Jos. Gowans kuwa, gidan renon 'ya'yan 'yan mishan aka sa wa sunansa, can Kanada.