Gari Guda a Matsayin Ma'aunin Ra'ayin Amurkawa

Mai miya ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji, ɗanɗanawa kawai take yi. Da irin wannan tunani Amurkawa suka daɗe suna neman gari guda wanda in an ji ra'ayin mutanensa, tamkar an ji na ƙasa baki ɗaya ne.

A shekarar 1924, Robert Lynd da matarsa Helen suka je Muncie, wani matsakaicin gari a jihar Indiyana. Suka zauna fiye da shekara guda suna lura da sana'o'in mutane, da tarbiyyar yara, da ibada, da yadda ake hutawa. Littafinsu mai suna Middletown, wato "garin tsakiya", ya fito a 1929. Tun daga nan 'yan jarida da 'yan kasuwa suka riƙa zuwa Muncie don su ji ra'ayin talakan Amurka. Haka kuma a da kamfanoni sukan fara gwada sababbin kayayyakinsu a Peoria ta jihar Illinois.

A fagen siyasa kuwa, gundumar Vigo, ita ma a Indiyana, ta yi suna. Daga 1956 zuwa 2016, duk ɗan takarar shugabancin ƙasa da ya ci Vigo, shi ya ci zaɓe. Amma a 2020 Vigo ta zaɓi Donald Trump, Joe Biden kuwa ya hau mulki.

Ina matsalar take? Ɗanɗano ba ya faɗin gaskiya sai an juya miya. Su Lynd sun zaɓi Muncie ne saboda ƙarancin baƙi 'yan ci-rani da baƙar fata, kuma ko baƙar fatar da ke garin ba su sa su cikin lissafi ba. Ke nan madubin ya ɓoye fuskar wasu. Ban da haka, yanzu manyan birane sun fi karkata ga jam'iyyar Democrat, karkara kuwa ga Republican, don haka da wuya gari guda ya haɗa kowa.

Shi ya sa masu binciken ra'ayin jama'a sukan tambayi mutum dubu ɗaya ko fiye, waɗanda aka tsamo da ƙuri'a daga kowane sashe na ƙasar. Ko su ma sukan yi kuskure, amma sun juya tukunyar tukuna.