Cusa Umarni a Manhajojin Tantance Sassan Aro

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda manhajar da aka ɗora wa aikin tsaro takan zama ita ce ƙofar ɓarna.

Da wuya a yau a sami mai rubuta manhaja da ke gina aikinsa tun daga tushe. Abin da aka saba shi ne ya ɗauko sassan da waɗansu suka riga suka rubuta, ya harhaɗa su da nasa. Su ne na kira sassan aro. To, sashe guda yakan dogara a kan waɗansu goma, su kuma a kan waɗansu, har mai aikin ya kasa sanin iyakar abin da ya kwaso. A watan Disamba na 2021, da aka gano kafa a sashen nan mai suna Log4j, ma'aikatu da yawa sun sha wuya kafin su tabbatar ko yana cikin kayansu. Irin wannan larura ce ta sa ake dogara ga manhajojin tantancewa, kamar Snyk da Dependency-Check, waɗanda ke bin sassan ɗaya bayan ɗaya suna neman mai illa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan hatsi a Kasuwar Daji ya san mai saye ba ya yarda da bakin buhu. Sai ya zura hannu can ciki ya ɗebo. Amma fa idan akwai kunama a buhun, shi mai dubawar za ta fara harbi, tun kafin mai dako ko mai ci. Haka matsayin manhajar tantancewa yake: aikinta ke nan ta buɗe abin da ba a amince da shi ba, alhali tana riƙe da dukkan ikon da mai kwamfutar ke da shi.

Alal misali, a shekarar 2022 masu bincike na kamfanin Imperva sun gano kafa a Snyk, aka yi mata lamba CVE-2022-40764. A lokacin, idan manhajar za ta duba aikin da aka rubuta da harshen Go, takan karanta wani fayil mai suna vendor.json, ta ɗauki rubutun da ke cikinsa ta haɗa da umarnin da za ta miƙa wa kwamfuta, ba tare da ta tace shi ba. Mugu sai ya sanya alamar da ke raba umarni da umarni, ya biyo ta da nasa. Kwamfuta ba ta da hanyar rarrabe maganar maigida da ta baƙo, sai ta zartar da duka biyun. Wannan shi ne cusa umarni. An toshe kafar a fitowa ta 1.996.0, sa'an nan aka ga gyaran bai game ko'ina ba, sai da aka sake wani a fitowa ta 1.1064.0.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na malami, shi ne ba sai mutum ya kunna aikin muguntar ba. Kafin a yi gyaran, buɗe shi kawai a Visual Studio Code ya isa, domin a lokacin tantancewar takan fara da kanta. Ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wanda ya sauko da aikin wani daga GitHub don ya koya, zai iya shiga irin wannan hali, kuma mai yiwuwa a wannan kwamfutar ya adana kalmomin sirrinsa.

Akwai ɓangaren da tace rubutu ba ya maganinsa. Fayil irin build.gradle shi kansa shiri ne mai gudana, kuma sai an gudanar da shi ake sanin sassan da ya ƙunsa. Saboda haka ne masu Snyk suka ƙara matakin tambayar mai aiki ko ya amince da babban fayil kafin a duba shi. A ganina tambayar ba ta wadatar ba, domin ɗalibi mai gaggawa amsa mata zai yi bai karanta ba. Abin da ya kamata mu koyar a ɗakunan kwamfutarmu shi ne a riƙa tantance aikin baƙo a keɓantaccen wuri, inda babu kalmar sirri ko mabuɗin da za a sace, a kuma riƙa sabunta ita manhajar tantancewar kamar yadda ake sabunta sassan da take dubawa.