Karen Ƙofar Wambai da Karen Ikoyi

Duk mutumin Bauchi da ke zaune a Agege ko Idi Araba ko Sabon Badun, in aka ambaci Ƙofar Wambai ba kasuwar Kano ce ke faɗo masa a rai ba. Tasu yake tunawa, wato ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu, ya kewaye birninsa da ita bayan ya kafa shi wajen shekarar 1809. Tsofaffi kuwa suna cewa sunan garin ma daga wani maharbi aka samo shi, mai suna Baushe, wanda aka tarar a wurin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne, in an kwashe amfanin gona hunturu ya kama, a ga samari tun da duku-duku, kowa da gorarsa a kafaɗa, karnuka biyu ko uku suna biye, sun nufi inda za a taru a fita farauta.

Abin lura a nan shi ne, karen da ya goge ba a jansa da igiya. Zai ratsa cikin kaji da awakin mutane bai ko waiwaya ba. In ubangidansa ya tsaya gaisawa da wani, shi ma sai ya tsaya. In ya yi fito, sai ya taso. To, wannan abu da ɗan farauta bai ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne masu hali na Ikoyi da Ikeja da Lekki suke biyan kuɗi masu tsoka don a koya wa nasu karnukan.

Yadda ake yi a Ikko shi ne, sai mai gida ya sayi kare irin na ƙasashen waje, galibi wanda ake kira Alseshan ko Rotwaila, ya kai shi makarantar karnuka. Can zai bar shi, ci da kwana, mako biyu ko uku ko huɗu, kamar ɗan makarantar kwana. Kullum ana fito da shi sau da yawa, kowane darasi minti goma ko goma sha biyar, don kare ba ya iya tsai da hankalinsa ya daɗe. Ana koya masa zama, da kwanciya, da tsayawa wuri ɗaya har sai an sallame shi, da zuwa in an kira, da tafiya a gefen hagun mai riƙe da shi ba tare da fizgar sarƙa ba. Wanda za a sa gadi, akan ƙara masa da kama mutum in an cuna shi, da kuma saki in an ce ya saki. Ranar ƙarshe sai mai gida ya zo, a yi masa gwaji, ya yi tafi, ya sa karensa a mota.

Daga nan fa maganar ta shafi mutanenmu. Domin mai gida da sassafe zai tafi ofis, wani lokaci ma ya haye jirgi ya yi wata guda ba ya ƙasar. Wanda zai buɗe keji da dare, ya rufe da asuba, ya kai abinci, ya wanke wurin, shi ne maigadi. Maigadin nan kuwa, sau da yawa, ɗan Arewa ne, kuma ba a gayyace shi ranar gwaji ba.

Wannan horo na zamani daga Turai ya fito. A 1899 'yan sandan birnin Gent na ƙasar Beljiyam suka fara sa karnuka aiki bisa tsari. A cikin shekarar kuma wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar da ta fito da irin karen nan na makiyayan Jamus. Ingilishi ne suka laƙaba masa suna Alseshan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ba su son jin sunan Jamus a lokacin, mu kuma muka gaji sunan daga bakinsu. A 1910 wani Bajamushe, Konrad Most, ya buga littafi a kan horon karnuka, wanda 'yan sanda da sojoji na ƙasashe da dama suka daɗe suna bi.

Amma kafin duk wannan da shekaru fiye da dubu, malaman Musulunci sun riga sun yi magana a kan biyayyar kare, domin hukunci ya rataya a kanta. Aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kama. Malaman Malikiyya suka bayyana cewa horarren kare shi ne wanda in an tura shi zai tafi, in an tsawata masa zai tsaya. Dole kuma mai shi ne zai sake shi da niyya, ya yi bisimilla. In karen ya tafi don ganin damarsa ya kashe zomo, zomon nan mushe ne. In an cim ma naman da rai, sai a yanka. Ke nan, ga ɗan farautar Bauchi, karen da ba ya jin magana ba abin kunya kaɗai ba ne, asarar nama ne.

Ga maigadin da zuciyarsa ke ɗar-ɗar da aikin kuwa, a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. An ƙi ajiye shi a gida haka kawai, an yarda don farauta da tsaron dabbobi da gona. Masu sharhi ma sun kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukan Bauchi, wanda ya rasu a 996. An ce katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

To, yaya ɗan farauta yake yin nasa horon? Ba shi da littafi, ba shi da agogo. Tun kwikwiyo yana ƙarami yake ɗauko shi, da zarar an yaye shi. Shi kaɗai ke ba shi abinci, ragowar tuwo ne ko kunu ko dusa, kuma ba ya ajiye ƙwaryar sai ya kira sunansa ya yi masa fito. Kafin wata biyu, suna da fito da abinci sun zama abu guda a kan kwikwiyon. Yana tasowa cikin yara da kaji da tumaki, in ya bi kaza a tsawata masa nan take, ba bayan an dawo daga masallaci ba. Likitocin dabbobi na yau sun tabbatar da hikimar wannan. Sun ce daga mako uku zuwa kamar mako goma sha biyu na rayuwar kare, abin da ya saba da shi a lokacin ba zai riƙa tsoronsa ko kai masa cizo ba in ya girma. Sun kuma ce lada ko tsawa in ba ta biyo bayan aikin cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, kare ba ya gane dalilinta. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

In ya ɗan tasa sai a riƙa jan fatar zomo a ƙasa yana bin sawu. Daga nan a fita da shi bayan gari tare da tsohon kare, domin rabin karatun daga babban yake ɗauka: inda ake shinshina, yadda ake tare gafiya a bakin rami, yadda ake yanke wa zomo hanya maimakon a bi shi a baya. Darasi mafi wuya shi ne na ƙarshe, wato ya kama nama yana jin yunwa, jini a bakinsa, a ce ya saki, ya saki. Wanda ya yi haka ana ba shi kayan ciki nan take a gaban sauran, don ya san saki ba asara ba ne. Sau da yawa sai an yi rani biyu ana fita kafin mai kare ya yarda ya yi masa kirari a gaban jama'a.

Rani biyu a can, mako uku a nan. Ba wai makarantun Ikko ƙarya suke yi ba. Mai horon da ya san aikinsa lalle zai iya sa kare ya zauna ya kwanta cikin mako uku. Matsalar ita ce, kare ba ya koyon kalma yadda mutum ke koyonta. Murya yake koya, da motsin hannu, da tsayuwar mutumin, har da filin da aka koya masa. In aka dawo da shi gida, muryar ta sāke, filin ya sāke, umarnin kuma da Turanci aka ba shi, wanda maigadi bai taɓa jin yadda ake furta shi ba. Bayan 'yan makonni ba a maimaita darasi, sai karatun ya zube, amma ƙarfin da haƙoran suna nan. Ran da ya yaga wandon baƙo ko ya ciji ɗan maƙwabta, ba mai horo za a kira ba, ba kuma mai gida za a kora ba. Haushin kaza ne za a huce a kan dami.

Saboda haka maigadin da aka ce za a kawo masa kare daga makaranta, yana da haƙƙin ya roƙi maigidansa, cikin ladabi, a tafi da shi kwanakin ƙarshe na horon. Ya riƙe sarƙar da hannunsa a gaban mai horo, ya furta kalmomin har karen ya amsa masa, musamman kalmar kira da kalmar saki. Masu horon kirki da kansu suke neman haka. Bayan an dawo gida kuma, shi ya riƙa ba da abinci, ya ware minti goma safe da yamma a maimaita. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba kuwa daren da ɓarawo ya haura katanga ne za a fara gwada ko kare yana jin magana ba. Ya kuma duba wuyan karen. In ya dawo da tabo, yana maƙale wutsiya da zarar an ɗaga hannu, to da duka ko da abin wuya mai jan lantarki aka hore shi. Irin wannan abin wuya yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010. Karen da tsoro ya ladabtar shi ne ya fi saurin cizo ba gargaɗi.

Kada dai a ɗauka 'yan farautar gida waliyyai ne. Akwai masu barin kare da yunwa kwana biyu wai don ya yi zafi, akwai masu ɗura masa jiƙe-jiƙe. Faɗan da ake yi a daji a kan karen wa ya fara kama nama ya sha jawo rauni. Dajin ma ya ragu. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, an hana farauta a cikinta, gonaki kuma sun cinye yawancin abin da ya rage kusa da gari. Karen bana yana nan, zomon bana ne ya yi nisa.

Akwai abu guda da ba horon da ke maganinsa, a Bauchi ko a Ikko, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Allurar rigakafin kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya gwada ta a Faransa, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa kowace shekara, likitan dabbobi ya rubuta a kati. Maigadi ya nemi ganin katin nan kafin ya karɓi sarƙa. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti goma sha biyar, kada ya sa toka ko barkono, ya tafi asibiti a ranar, ko da karen na maigidansa ne. Karen kuma kada a kashe shi ko a sayar, a tsare shi kwana goma likita yana dubawa.